Ranar da Za a Sauko da Baba Kafaɗa

Duk tsohon da ke unguwar, in ka tambaye shi wa ya hau masa da kabad da firji ranar da ya tare, amsa ɗaya zai ba ka: Kafaɗa da Dogo. Shekara talatin da ɗaya mutanen nan biyu suka yi suna kwashe wa jama'a kaya in za su canja gida. Ba su da mota, ba su da shago. Igiyoyi biyu masu faɗi da tsofaffin barguna na naɗe madubi, iyakar jarinsu ke nan. Kafaɗa gajere ne mai faɗin ƙirji, wuyansa ya nutse tsakanin kafaɗunsa, daga nan sunan ya samo asali. Dogo kuwa ba sai an yi maka bayani ba.

Sana'ar tana da ƙa'idarta, wanda bai san ta ba shi ke fasa wa mutane madubi. In za a sauko da kaya daga bene, dogon ne ke shiga ƙasa, ya riƙa sauka da baya, nauyin duk a ƙirjinsa, ba ya ganin inda yake sa ƙafa. Gajeren yana sama, shi ke gani, shi ke magana: riƙe, taka, tsaya, juya. Duk shekarun nan Dogo yana taka inda Kafaɗa ya ce ya taka, ko sau ɗaya bai waiwaya ya duba ba. Ba masu surutu ba ne. Sukan wuni tare ba su yi magana ashirin ba in ka cire ta aiki. Amma in ɗaya ya kwanta zazzaɓi, ɗayan ba ya karɓar aiki, sai ya ce shi ma jikinsa ba daɗi.

To, mutane ba sa tashi daga gida ranar Talata. Wa zai bar wurin aikinsa don kwashe tukwane? Asabar da Lahadi ake tarewa, saboda haka a ranakun nan biyu Kafaɗa ke samun abin da iyalinsa za su ci. An yi masa baftisma tun yana saurayi, matarsa tana cikin mawaƙan coci, amma shi sai an tashi da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ake ganinsa a benci na ƙarshe, yana gyangyaɗi. Wani fasto ya taɓa tare shi a bakin ƙofa ya ce, "Ɗan'uwa, ranar Ubangiji fa ba ranar dako ba ce."

Kafaɗa ya cire hula da ladabi ya ce, "Gaskiya ne, Fasto. Amma kabad ɗin nan naka na littattafai, ranar Lahadi da yamma na hau maka da shi, har ka ce Allah ya yi mini albarka."

Faston bai sake tayar da maganar ba.

'Ya'yansa biyu ne, duka maza, Babba da Auta. In an yi hutun makaranta yakan ja su wurin aiki, don a ganinsa namijin da bai iya sauko da kaya a matakala ba da sauransa. Babba ya ɗauko tsawon dangin uwarsa, sai Dogo ya koya masa shiga ƙasa. Auta ya ɗauko jikin uban, shi aka koya wa tsayawa sama. Suka kuwa iya, har suka fi wasu masu cin abinci da sana'ar. Amma ba don su gaje shi ya koya musu ba. Da ƙashin bayansa ya yi musu karatu. Babba ya zama shugaban makarantar firamare a wani gari, tafiyar awa uku ta gabas. Auta ya samu aiki a kamfanin tace ruwa, tafiyar awa uku ta yamma.

Dukansu suka tashi da riƙon addini, abin da uban ya yi ta alfahari da shi kafin ya san inda zai kai shi. Babba aka naɗa dattijon coci. A gidansa ranar Lahadi ba a wanki, ba a zuwa kasuwa, ko takalmi tun Asabar ake gogewa. Shi ke buɗe coci, shi ke jan sujadar safe, shekara tara bai taɓa fashi ba. Auta kuma ya haɗu da wasu masu bi a wurin aikinsa, suka yi ta nazari tare, wata rana ya zo gida ya ce an daɗe ana kan kuskure. Ranar hutun da Allah ya keɓe ita ce ta bakwai, Asabar, daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa faɗuwar ranar Asabar, ba kuma wanda aka ba ikon ya ɗage ta. Babba ya ce Almasihu ranar Lahadi ya tashi daga matattu, ranar manzanni suke taruwa, wanda ya koma wa Asabar baya ya ci. Auta ya ce a nuna masa inda aka rubuta cewa an canja. Babba ya ce shi ma a nuna masa inda aka ce ƙane ya koya wa yayansa addini. Ana cikin cin abinci aka yi wannan, uwar tana tsaye da cokali a hannu. Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma ta waya.

Kafaɗa bai sa baki a gardamar ba, don bai ga yana da bakin magana ba. In Auta ke da gaskiya, shi ya karya ranar Allah shekara talatin da ɗaya. In Babba ne, haka nan. Ta duk inda aka auna shi ya faɗi, abin kuma yana damunsa fiye da yadda yake nunawa. Ya taɓa tambayar sabon faston cocin matarsa, wani mai sanyin hali, shi kuma ya ce ai mai bi ba a ɗaure yake da wata rana ba, Almasihu ne hutunmu, kowa ya riƙe ranar da zuciyarsa ta natsu da ita, kada ya hukunta ɗan'uwansa.

Kafaɗa ya sosa ƙeya ya ce, "To, Fasto, da biyu ne, yanzu ka mayar mini da su uku."

Ƙashin bayan da ya yi wa yara karatu shi ya fara gazawa. Da farko ƙafar hagu ce ke yin sanyi, sai ta dama, wata safiya ya sauko da su daga gado suka ƙi ɗaukarsa. Likita ya ce ƙasusuwan baya sun cinye juna, sun danne jijiya, ba wani aikin da za a yi. A dai kiyaye kada ya faɗi, kada a girgiza shi, don in wurin ya ƙara gocewa har hannuwan za su tafi. Ma'aikatan asibiti huɗu suka hau da shi gida, da ƙyar da gumin goshi, yana kwance yana gyara musu riƙo suna harararsa.

Gidan a hawa na huɗu yake, ɗaki biyu da 'yar baranda, matakala hamsin da huɗu daga titi. Shi ya zaɓi wurin da kansa lokacin da ƙarfi ke jikinsa, wai don iska. A hawa na biyu akwai wata muguwar kwana inda bututun ruwa ya fito daga bango. Ba a wuce ta da kaya mai faɗi sai an ɗaga shi sama da ƙarfen dafawa, na ƙasa ya karkace, na sama ya durƙusa. Duk wanda ya tare a ginin, Kafaɗa ne ya wuce masa da kaya ta nan. Yanzu ga shi ya shekara biyu a sama, kwanar ta tsare shi.

Ba za a ce 'ya'yan banza ya haifa ba, Allah ya gani. Kowace Asabar Babba yakan iso da ƙarfe goma, ya yi masa aski, ya yi masa wanka, ya yanke masa farce, ya bi motar huɗu da rabi don ya kwana a garinsu ya buɗe coci. Kowace Lahadi Auta yakan iso da motar farko, ya hau da ruwa, ya canja tukunyar gas, ya shafa wa uban mai a ƙafafu. Maƙwabta har cewa suke, "Kai, Baba Kafaɗa ka yi sa'ar 'ya'ya, kullum da naka a gida." Shi dai yakan ce, "Haka ne." Wata Lahadi Auta yana matsa masa ƙafa ya ce, ba da mugun nufi ba, "Baba, wa ya sani ko hutun da ka ƙi ɗauka ne Allah ya ba ka gaba ɗaya." Kafaɗa ya juya fuska bango. Ranar bai ci abinci ba.

Dogo yakan zo duk Talata. Ya hau matakalar yana hutawa a kowane hawa, ya zauna a bakin gado, matar Kafaɗa ta kawo musu shayi. Su yi awa biyu suna kallon baranda, wani lokaci ɗaya ya ce, "Ka tuna firjin likitan nan?" ɗayan ya yi dariya, shi ke nan hirar. Sai wata Talata bai zo ba, ta biyu ma haka. A ta uku 'yarsa ce ta hawo, ta durƙusa ta gaishe su, ta fashe da kuka. Ciwo ne a maƙogwaro, ya cinye muryar. Asibiti sun sallamo shi gida da tukunyar iskar numfashi, sun ce makonni ne suka rage, ba watanni ba.

"Baba, ba ya iya magana," ta ce. "Amma kullum sai ya dafa kafaɗarsa, ya kalli ƙofa. Mun gane kai yake nema."

An gwada waya. Kafaɗa ya riƙe ta a kunne ya ce, "Dogo, ni ne." Ba abin da ya ji sai numfashi da ƙugin tukunyar iska. Ya rasa me zai ƙara. Mutanen da ba su saba hira ba, me waya za ta yi musu? Abin da suka iya shi ne zama kusa da juna. Gidan Dogo a ƙasa yake, tafiyar minti ashirin a tasi. Abin da ya rage kawai a sauko da Kafaɗa.

Ya kira Babba, ya kira Auta. Cikin mako ba hali: Babba ana jarrabawa a makarantarsa, Auta kuwa ya riga ya ba da duk hutunsa na shekara don a bar masa Asabar, shugabansa ya gaya masa ƙarara ba zai sake ba shi ko rabin wuni ba sai dai in rasuwa aka yi. Babba ya ce, "Baba, ai ina nan ranar Asabar, ka gaya wa Auta ya zo." Auta ya ce, "Baba, ai ina nan ranar Lahadi, ka gaya wa Yaya ya tsaya." Mako guda ya tafi a haka.

Matarsa, wadda har yanzu yake kira Maman yara ko da yake yaran sun haifi nasu, ba ta zauna ba. Ta je asibiti, aka ce motarsu da ma'aikatansu na gaggawa ne, ba na ziyara ba. Ta bi ginin ƙofa ƙofa: tela mai ciwon ƙirji, wani tsohon malami, sai mata da 'yan yara. Ta je kasuwa ta ɗauko ƙarti biyu masu sauke buhuna daga manyan motoci. Kafaɗa ya haɗiye girman kansa ya yarda. Aka ɗaure shi a kujerar katako mai hannu, suka ɗaga. Ƙarfi kam akwai, amma masu ɗauka a ka ne, kowa tafiyarsa yake. Tun a hawa na uku kujerar ke rawa. Da suka iso kwanar bututu na ƙasa ya waiwaya ya duba ƙafarsa, kujerar ta karkace, wani zafi ya tsarga wa Kafaɗa daga wuya har yatsun hannu.

"Ku mayar da ni," ya ce. "Ba laifinku ba ne. Ku mayar da ni sama."

Kwana biyu yatsunsa na hagu ba sa jin taɓi. Daga nan ya san mutum biyu ne kawai suka rage a duniya da za su iya wuce kwanar nan da shi, kuma shi ya haife su.

Maman yara ce ta yi dabara. Ta kira Auta ta yi masa kuka har ya yarda ya biyo motar Juma'a da yamma, ya iso rana na gab da faɗuwa. Babba kuma ga shi zai zo da safe kamar kullum. A ganinta in dai suka tsaya a ɗaki ɗaya suka ga ubansu, magana ta ƙare. Ta aika gidan Dogo cewa Asabar yana tafe. Ta yi magana da mai tasi ya zo ƙarfe biyu. Da safe ta sa wa mijinta farar rigarsa, ta jawo kujerar tsakiyar ɗaki, ta ciro tsofaffin igiyoyin daga ƙarƙashin gado ta kakkaɓe su. Kafaɗa ya ji wani daɗi da rabonsa da shi tun yana kan ƙafafunsa, har da tsokanarta ya yi, wai ta fesa masa turare kada Dogo ya ce ya tsufa.

Babba ya iso ƙarfe goma. Ya ga ƙanensa a baranda da littafi a hannu, suka gaisa sama-sama kamar waɗanda suka haɗu a layin asibiti. Aka yi aski, aka ci abinci. Wajen ɗaya da rabi Babba ya naɗe hannun riga, ya ɗora uban a kujera, ya ɗaure shi yadda aka koya masa.

"To, Auta, taso mu ɗauka."

Auta ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa. "Yaya, ka san yau ba na ɗaukar kaya."

"Kaya? Uban naka ne kaya?"

"Ban ce haka ba. Da ciwo ne ya taso masa, da asibiti za a kai shi, Allah ya sani ko yanzu zan ɗauka, ceton rai ya halatta. Amma wannan ziyara ce. Ga hayar mota, ga direban da za mu sa aiki. Rana za ta faɗi bakwai saura kwata. Ka jira, tana faɗuwa mu sauka da shi."

"Motata ta ƙarshe huɗu da rabi, ka fi kowa sani."

"Ka kwana mana, ka bi ta safe."

"Ta safe sai sha ɗaya take isa. Wa zai buɗe coci? Wa zai ja sujada?"

"Kai kaɗai ne mutum a cocin naku?"

Babba ya yi wata dariya marar daɗi. "Ah to, ashe abin da ake nema ke nan. In kwana, in yi tafiya ranar Ubangiji, gobe ka je ka gaya wa mutanenku ai yayana ma ya san Lahadi ba komai ba ce."

"Kai ma abin da kake nema ke nan," in ji Auta. "In ɗauka yau, ka ce Asabar ɗin tawa ta fatar baki ce."

Abin takaicin, kowa ya faɗi gaskiyar abin da ke ran ɗan'uwansa. Shekara biyar kowannensu yana jiran ɗayan ya sassauta ko da sau ɗaya ne, don ya kafa hujja da shi. Tsakanin huɗu da rabi da bakwai saura kwata awa biyu ne da kwata. Haba! Manyan mutane, masu ilimi, masu tsoron Allah na gaske, suka tsaya a kan awa biyu da kwata, ubansu yana ɗaure a kujera a tsakaninsu sanye da farar riga. Aka koma gidan jiya: rana ta bakwai, rana ta fari, wa ya canja, yaushe aka canja. Mai tasi ya iso yana ta danna oda a ƙasa. Uwar ta leƙa baranda ta ce ya yi haƙuri, ana saukowa.

Babba ya fusata ya durƙusa a gaban kujerar. "Baba, hau bayana. Ni kaɗai zan goya ka."

Uwar ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu irin na wadda ta ga gobara. Kafaɗa ya girgiza kai. "Ka san ba a goyon mai karyayyen baya. Tashi."

Sai ya dube su duka biyun. Mutumin nan bai taɓa roƙon kowa komai ba, ko ruwa yake so sai ya ce wa matarsa, "In kin tashi." Ya ce, "Ku saurare ni. Ni ban san wace ce ranar ba. Allah ya gani, ban sani ba. Na tambaya, an ba ni amsa uku. Wataƙila kai ke da gaskiya, wataƙila kai ne. Ni dai duka biyun na karya, da su na ciyar da ku. In zunubi ne abin da nake nema, ku ɗora mini, na saba da nauyi. Wanda duk ya karya tasa ranar yau, ni zan tsaya gaban Allah in ce ni na sa shi. Dogo shekara talatin da ɗaya yana taka inda na ce. Yau yana nemana. Na roƙe ku."

Hawaye ya zubo wa Auta, ya ce, "Baba, wannan ba a ɗaukar wa wani. Kowa da kansa zai amsa. Awa nawa ne? Yaya ya jira kawai."

Babba ya sunkuyar da kai. Amma Kafaɗa ya ga ya saci kallon agogo.

Ƙarfe uku mai tasi ya gaji ya tafi. Huɗu da minti goma Babba ya ɗauki jakarsa, ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ana gama jarrabawa zan nemi izini cikin mako, shi ma ya nema. Kwana goma ne kawai." Ya fita. Kafaɗa ya bi takunsa da kunne, don ya san ƙarar kowace matakala a ginin. Hawa na uku, hawa na biyu. A kwanar bututu takun ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, har Kafaɗa ya riƙe numfashi, har Auta ya ɗago kai. Sai takun ya ci gaba zuwa ƙasa, ƙofar titi ta buɗe ta rufe.

Ba wanda ya kwance Kafaɗa daga kujerar, shi ma bai ce a kwance shi ba. Yana zaune a kujerar har hasken baranda ya yi ja, ya dushe. Bakwai saura kwata Auta ya rufe littafinsa, ya yi addu'a, ya zo ya tsuguna.

"Baba, Asabar ta fita. Me zan yi maka?"

"Cire mini rigar nan," in ji Kafaɗa.

Ranar Litinin da hantsi wayar Maman yara ta yi ƙara. Tun kafin ta juyo Kafaɗa ya gane Dogo ya cika. Bai yi kuka ba a lokacin, ya dai ce ta rufe ƙofar baranda, hasken ya yi masa yawa.

Aka sa jana'iza ranar Laraba. Rasuwa ce, saboda haka makaranta ta ba Babba izini ba musu, kamfanin ruwa ma ya ba Auta. Ƙarfe tara suka iso kusan tare, kowa da baƙar riga. Suka ɗaure uban a kujera, suka ɗaga, suka sauka. Ko girgiza kujerar ba ta yi ba, kwanar ma ba a ji an wuce ta ba. Tela yana tsaye a ƙofar shagonsa ya ce, "Kai, ko minti goma ba ku yi ba!" Yabo yake yi, bawan Allah, bai san inda maganar ta soki Kafaɗa ba.

A gidan Dogo an cika, an jera kujeru har titi. Suka ɗauko shi daga tasi suka shiga da shi ɗakin. An riga an fitar da akwatin zuwa tsakar gida, gadon ne kawai, an cire zanen. Abin da Kafaɗa ya fara lura da shi, gadon ba inda ya san shi yake ba. An jawo shi tsakiyar ɗaki, yana fuskantar ƙofa.

'Yar Dogo ta zo ta durƙusa a gaban kujerar, 'ya'yan nasa suna tsaye a bayansa, kowa ya dafa gefe ɗaya.

"Ranar Asabar muka juya gadon, Baba," ta ce. "Da aka ce kana tafe, tun safe ya sa aka yi masa aski, aka sa masa riga mai tsabta. Ya nuna a kawo kujera kusa da gadon, a dafa shayi kofi biyu. Duk wanda ya taɓa ƙofa sai ya ɗago kai. Da na ce ya kwanta ya huta sai ya ture hannuna. Har duhu ya yi yana zaune. Daga ranar bai sake dafa kafaɗarsa ba."

Ba don ta ɓata wa kowa rai ta faɗa ba. Ita dai tana ganin zai so ya san yadda abokinsa ya ɗoki zuwansa.

Kafaɗa ya ji hannuwan da ke dafe da kujerar sun janye, na dama, sannan na hagu. Sai kukan ya zo masa, irin na tsohon da bai iya kuka ba, da ƙara, baki a buɗe, mutane suna leƙowa. Baƙin ciki ne da kunya, da wani fushi da bai san a kan wa zai sauke ba, ko 'ya'yansa, ko kansa, ko ranakun biyu da har yanzu bai san wacce ce ta Allah ba. Babba ya sunkuyo ya ce, "Baba." Auta ma ya ce, "Baba." Bai dubi ko ɗaya ba.

Ba abin da yake so a duniya a lokacin irin ya tashi ya juya musu baya ya yi tafiyarsa. A waje aka fara waƙa, an ɗaga akwatin za a wuce. Ya goge fuskarsa da hannun riga, ya zauna yana jira su ɗauke shi.